Jitar da ake taka wa feda ta yi sauƙi, kuma ina so ta zo Jos

A makon jiya ɗan yayata, wanda yake taya ni aiki a ɗan ɗakin ɗaukar waƙa da nake riƙe da shi a wajen titin Bauchi, ya miƙo mini wayarsa ina cikin naɗe igiyar makirufo, ya ce: "Kawu, ga jitar nan taka da kullum kake zancenta, an fitar da mai sauƙin kuɗi." Bidiyo ne na wani ƙaramin kamfani a Amurka da yake gabatar da sabon samfurin jitar ƙarfe mai feda, wadda masu ita suke kira fedal sitil, an ƙera shi musamman domin masu koyo da masu ƙaramin ƙarfi. Wuyanta ɗaya ne, tsirkiya 10, feda 3 a ƙasa, sandunan gwiwa 4, jikinta kuwa baƙi wuluk, ba zane ba ƙyalli. Na kalli bidiyon sau uku a tsaye, kuma a kowane karo inda na fi tsayar da ido shi ne wurin da mai gabatarwar ya kifa jitar ya nuna cikinta, domin a wannan kayan kiɗa duk gaskiyar maƙeri a ƙarƙashi take.

Da yawa daga masu karanta wannan ba su taɓa ganin irin jitar ba, amma duk wanda ya tashi a Jos a shekarun 1970 da 1980 ya sha jin muryarta. Mahaifina tela ne, shagonsa yana Gangare, kuma rediyonsa ba ya mutuwa daga hantsi zuwa magariba sai lokacin salla. Idan aka sako waƙoƙin kantiri na Amurka, musamman na Don Williams, akwai wani sauti da yake ratsowa ta bayan muryar mawaƙin, ya tashi a hankali kamar mai shirin kuka, ya ɗan tsaya yana karkarwa, sannan ya zame ya sauka ba tare da ka ji inda aka yanke shi ba. Baba yakan ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki ya ce: "Ka ji gogen kaboyi." Shekaru da dama ni ma na ɗauka goge ne, domin a iya sanina babu abin da yake jan sauti haka sai izga a kan izga. Sai da na girma na fara kaɗa jita na gane cewa babu izga a ciki ko sili ɗaya, kuma mutumin da ya kaɗa ta a da yawa daga cikin waɗancan faya-fayan sunansa Lloyd Green.

Ba a rataya ta a wuya, ba a kuma rungumarta. Dogon akwati ne mai ƙafa huɗu, makaɗi ya zauna a gabansa kamar yadda tela yake zama a gaban keke. Tsirkiyoyin suna kwance suna kallon sama, kuma ba a danne su da yatsa. A hannun hagu makaɗin yana riƙe da wani mulmulallen ƙarfe mai santsi, tsawonsa ya ɗan haura inci 3, yana zamar da shi a kansu. A hannun dama yana sanye da farata uku, na roba a babban yatsa, na ƙarfe biyu a manuniya da na tsakiya. Ƙafar dama tana kan wata feda ta daban mai ƙara sauti da rage shi, kuma ita ce take ɓoye tsinken farko ta sa sautin ya kumbura kamar numfashi. Ƙafar hagu tana kan fedojin jitar, kowace gwiwa kuma tana tsakanin sanduna biyu da suke rataye a ƙarƙashin akwatin. Idan aka taka feda, ko aka tura sanda da gwiwa, wani siririn rodi yakan ja ɗan ƙarfen da tsirkiya take ɗaure a kansa, sai ta ƙara ɗamewa ko ta saki, sautinta ya hau ko ya sauka alhali tana cikin kuka.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a wannan gaɓa, domin abin da mai kalangu yake yi da hammatarsa ke nan. Yakan bugi fata sau ɗaya, sannan ya matse tsirkiyoyin kalangun ko ya sassauta, sai sautin da ya riga ya fita ya lanƙwasa ya zama magana. Bambancin shi ne a jitar nan tsirkiya uku ko huɗu ne suke kuka tare, feda ta zaɓi ɗaya ko biyu ta motsa su, sauran suna tsaye inda suke. A saitin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira E9, feda ta farko tana ɗaga tsirkiya ta 5 da ta 10 daga sautin B zuwa C#, ta biyu tana ɗaga ta 3 da ta 6 daga G# zuwa A, kuma idan aka taka su tare haɗin sautin E yakan koma A ba tare da hannun hagu ya motsa ko kaɗan ba. Wannan tafiya da wasu muryoyi suke yi wasu suna jiransu ita ce ta sa Baba yake ɗaga ƙafa daga kan keke.

Asalin abin daga tsibiran Hawayi ne, inda wajen 1889 wani yaro mai suna Joseph Kekuku ya kwantar da jita a cinyarsa ya riƙa zamar da ƙarfe a kanta. Salon ya bazu zuwa Amurka, kuma a farkon shekarun 1930 irin wannan jita ta kwance ce ta fara shiga kasuwa da lantarki, daga kamfanin da aka sani da Rickenbacker. Matsalar da ta rage ita ce ƙarfe miƙaƙƙe ne, ba ya lanƙwasa kamar yatsu, saboda haka haɗin sautin da makaɗi zai iya samu bai taka kara ya karya ba. Wasu suka ƙara wa jitar wuya biyu, uku, har huɗu, kowanne da saitinsa. Wasu kuma, irin su kamfanin Gibson wajen 1940 da Paul Bigsby a Kalifoniya bayan yaƙin duniya na biyu, suka sa mata feda domin a canja saiti cikin hanzari, amma a ɓoye, ba a so mai sauraro ya ji motsin. A ƙarshen 1953 ne Bud Isaacs ya taka feda tsirkiya tana cikin kuka a waƙar Webb Pierce mai suna Slowly, wadda ta fito a 1954, sai abin da ake ɓoyewa ya zama shi ne kiɗan. Makaɗa a birnin Nashbil, cibiyar kiɗan kantiri, suka shiga yi wa jitocinsu dabarun gida domin su sami wannan sauti. Wani makaɗi, Buddy Emmons, ya raba aikin wannan feda gida biyu a 1956, ya kuma haɗu da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud, wanda ya fara aiki a garejin gida. Zane Beck shi ne aka fi dangantawa da sandunan gwiwa. Ke nan jitar a sifarta ta yanzu shekarunta wajen 70 ne kawai, kuma makaɗa ne masu hannun kanikanci suka haɗa ta, abin da nake so mutanenmu masu aikin ƙarfe na unguwar Dilimi su riƙe a ransu.

Ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A ƙarshen shekarun 1970 King Sunny Adé ya shigar da ita cikin kiɗan juju, Demola Adepoju yana kaɗa masa, kuma lokacin da kamfanin Island ya fitar da faifan Juju Music a 1982, Turawa sun yi mamakin jin jitar kaboyi a tsakiyar gangunan Yarabawa. Adepoju ɗin nan shi ne ya kaɗa ta a waƙar Graceland ta Paul Simon a 1986. Abin da kunnena yake ji a hannunsa shi ne bai tsaya kwaikwayon Nashbil ba. Yakan bar mawaƙi ya gama baiti, sannan ya amsa masa da gajeren layi guda, yadda mai ganga yake amsawa, ya yi shiru ya jira. Idan Bayarabe ya iya sa ta ta yi yarensa tun shekara 40 da suka wuce, ban ga dalilin da zai hana ta yin Hausa ba.

Ni kaina na yi shekaru ina zagaye da ita daga nesa. Na ɗauki wata tsohuwar jitar lantarki na ɗaga tsirkiyoyinta sama, na kwantar da ita a cinya, sannan na je Dilimi wajen wani mai injin sassaƙar ƙarfe na ce ya yanko mini guntun shaf marar tsatsa, ya mulmula kansa ɗaya, ya goge shi har ya yi santsi kamar kwalba. Da ya gama ya juya shi a hannu ya ce: "Malam, wannan kuma na wane inji ne?" Na ce na kiɗa ne, ya ce to in an yi waƙar a kawo masa ya ji. Har yau da wannan ƙarfe nake aiki, kuma ya koya mini abubuwa biyu masu wuya, wato tsayar da sauti daidai a wurin da babu abin da zai tsayar maka, da kashe tsirkiyar da ba ka so ta yi kuka. Ta ainihin kuwa sau ɗaya na taɓa zama a gabanta, a wani ɗakin ɗaukar waƙa a Legas, inda mai ita, wani dattijo, ya ba ni rabin sa'a. Na ɗora ƙarfen a wuri ɗaya na tsinki tsirkiya uku, na taka feda biyun farko a hankali, sai ga sautin shagon Baba ya fito daga ƙarƙashin ƙafata. Sauran mintocin duk a wannan motsi guda na ƙarar da su, ina takawa ina saki, kuma ban ji na yi asarar lokacin ba.

Da muka gama kallon bidiyon ɗan yayata ya tambaye ni me ya sa jita za ta kai kuɗin mota. Jita ta hannu itace ce da waya, ana ƙera ta dubbai-dubbai a manyan masana'antu. Ita kuwa wannan inji ne mai ɗaruruwan ƙananan sassa, rodi da noti da sifirin da 'yan ƙarafa masu juyawa, kuma duk tsirkiyar da aka ja dole ta tsaya cak a sautin da ake so, idan aka sake ta kuma ta koma daidai inda ta taso, sau ɗaruruwa a zama ɗaya. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba kunne zai kama shi. Ga shi masu saye ba su da yawa a duniya, shi ya sa har yau galibin masu ƙera ta ƙananan shaguna ne na mutane ƙalilan, wasu ma sai ka ba da kafin alƙalami ka jira watanni. Sabuwa ta ƙwararru mai wuya biyu, da tsirkiya 20 da feda 8, tana iya haura dala 5,000, nauyinta a cikin akwatinta kuma yakan wuce kilo 25. Ta masu koyo takan kama tsakanin dala 1,000 da 2,000.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan jita na yarda a cire adon gaba ɗaya. A lulluɓe jikin da fomeka maimakon katakon da aka yi wa fenti mai sheƙi, a bar launi ɗaya, a cire zanen gefe, a cire wuya na biyu, wanda saitinsa na C6 ya fi amfani ga masu kiɗan jaz kuma mai koyo zai yi shekaru bai buƙace shi ba. Har ma na yarda a kafe aikin kowace feda yadda mai jitar ba zai iya sauya wadda take jan wace tsirkiya ba, domin wannan 'yanci na ƙwararru ne, kuma shi yake cin sassa masu yawa. Abin da ban yarda a taɓa ba abu uku ne da suke hannun maƙeri: tsirkiya ta koma inda ta taso, feda da sanda su tsaya a iyakarsu ba tare da lanƙwasa ba, ƙafafu kuma kada su yi rawa idan aka tura gwiwa. Jitar da ta gaza a nan cutar mai koyo take yi, domin zai ji sautinsa ya karkace ya ɗauka laifin kunnensa ne ko hannunsa, ya yi ta fama har ya ajiye, alhali injin ne yake yi masa ƙarya.

Yawan sandunan gwiwa ma yana cikin lissafin. Sanannen samfurin masu koyo na shekarun 1970, wato Maverick na Sho-Bud, feda 3 ne da sanda 1, kuma mutane da yawa sun fara a kansa, sai dai wanda ya yi nisa kaɗan yakan tarar da darussan suna kiran sandunan da ba shi da su. Daga baya samfura irin su Carter Starter da Stage One suka zo da feda 3 da sanda 4, wanda shi ne mizanin da kusan duk darussan yau suke tafiya a kai. Biyu daga cikin sandunan suna aiki ne a kan tsirkiya ta 4 da ta 8, ɗaya ta ɗaga su daga E zuwa F, ɗaya ta sauke su zuwa D#, kuma in babu su an rufe wa makaɗi rabin hanyoyin da zai bi a kan wuyan jitar. Shi ya sa da na ga sanduna huɗu a sabon samfurin na ji daɗi. Injinan yanka ƙarfe da kwamfuta take sarrafawa sun sa ana iya fitar da sassa iri ɗaya sak cikin sauƙin kuɗi, kuma nan ne arahar gaskiya take fitowa. A bidiyon mai gabatarwar ya taka ya saki sau da dama yana nuna na'urar auna sauti, allurar tana komawa tsakiya. Na gamsu da abin da na gani, amma mai talla ba ya kushe hajarsa, saboda haka ina jiran abin da waɗanda suka saya za su faɗa bayan sun yi watanni suna takawa.

Sai dai araha a Amurka daban, araha a Jos daban. Yanzu dala ɗaya ta haura naira 1,000, ke nan mafi sauƙin waɗannan jitoci ta wuce naira miliyan ɗaya tun kafin ta bar shagon da aka ƙera ta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne a wata, wato 840,000 a shekara, wanda bai kai kuɗin jitar ba, ga kuɗin jirgi da na kwastan, ga ƙarfen hannu da farata da fedar sauti waɗanda galibi daban ake sayensu. Babu saurayin da yake koyon kiɗa a unguwar Nasarawa ko Tudun Wada da zai iya wannan shi kaɗai, kuma yaudara ce a ce masa zai iya. Amma akwai tazara mai girma tsakanin abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya da abin da ya fi ƙarfin kowa. Ta miliyan biyar ko shida ko mutum goma ba za su yi tunaninta ba, domin a ganinsu gara a sayi janareta da fiyano. Ta miliyan ɗaya da wani abu kuwa ta shigo sahun kayan da ɗakin ɗaukar waƙa ko ƙungiyar mawaƙan coci suke iya tara kuɗi su saya. Wannan saukowa ce ta sa na ɗauki labarin da muhimmanci. Ƙari a kan haka, mai wuya ɗaya ta masu koyo ba ta kai kilo 23 da jirage da yawa suke yarje wa jaka ɗaya ba, saboda haka ɗan'uwa mai dawowa gida zai iya riƙo ta.

Idan ta iso, riƙon ta shi ne aiki na gaba, kuma a nan ne nake ganin mun fi yadda muke zato shiri. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma sanyin asubar Disamba da Janairu yana ɗame tsirkiya ya ɗaga sautinta, rana ta yi kuma ta sake, saboda haka dole a bar jitar ta saba da ɗaki kafin a saita ta. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga tsakanin 'yan ƙarafan da suke jan tsirkiya ta sa su yi nauyin komawa. Maganin wannan duk ɗan tela ya san shi: mayafi a rufe, buroshi a share, ɗigon man keken ɗinki a wuraren da ƙarfe yake goga ƙarfe. Ranar da na leƙa ƙarƙashin waccan ta Legas abin da na gani bai fi cikin keken Baba rikitarwa ba, feda ce take jan rodi, rodi yake juya sanda, sifirin yake mayarwa, kuma na tabbata dattawan da suke gyaran kekunan ɗinki a garin nan za su fahimce ta cikin yini ɗaya. Abin lura shi ne notocinta na awon inci ne irin na Amurka, alhali yawancin sifanonin kasuwarmu na awon milimita ne, don haka a roƙi mai kawowa ya haɗo da 'yan makullanta. Tsirkiya ta 3 ita ce take yawan tsinkewa, domin siririya ce, kaurinta 0.011 na inci, kuma feda ta biyu tana jan ta dare da rana. Sa'ar da aka yi ita ce wannan kauri shi ne na waya ta biyu a saitin jitar lantarki mai laushi da ake samu a shagunan kayan kiɗa na Jos, za ta iya tsayawa kafin a samo ta ainihi. Jitar kanta ba ta cin wuta. Amfilifaya ce take ci, kuma babu dalilin ɗauko ta Amurka mai aiki da wuta 120 alhali tamu 230 ce. Duk amfilifaya mai tsabtar sauti, ko da ta fiyano ce, za ta wadatar da mai koyo.

Wani abokina ya ce mini duk wannan wahala a kan kayan kiɗan da babu mai koyar da shi a garin, wanda kuma ake cewa yana cikin mafiya wuyar koyo, me za ta haifar? Maganarsa tana da nauyi. Hannu biyu da ƙafa biyu da gwiwa biyu kowanne da aikinsa, darussan da suke intanet da Turanci ne kuma kusan duk a kan waƙoƙin kantiri suke, kuma mutum zai yi shekara biyu ko uku kafin a so a saurare shi. Amsata tana cikin harshenmu. Hausa da karin sauti take tafiya, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa. "Kai" da ake nuna mutum da shi a sama yake tsaye, "kai" na bisa wuya kuwa daga sama yake zamowa ƙasa. Haka "mai" na miya yake faɗuwa, "mai" na mai gida yana ƙasa. Goge da kukuma da kalangu suna iya bin wannan zamewa, shi ya sa ake jin magana a bakinsu. Fiyanon da yawancin waƙoƙinmu na zamani suka dogara a kansa kuwa matakala ce, daga wannan sauti sai wancan, babu abin da yake tsakani, kuma na daɗe ina jin yadda mawaƙanmu suke daidaita muryarsu domin ta dace da matakalar. Jitar feda ba ta da wannan shinge. Ƙarfen hannu yana iya sauka a duk inda muryar mawaƙi ta sauka, ko da tsakanin maɓallan fiyano biyu ne, feda kuma ta yi faɗuwar gaɓa, sannan ta riƙe sautin ya daɗe kamar na goge alhali tana iya zama lafiya da jita da fiyano a waƙa ɗaya. Garin da Ɗanmaraya ya zauna yana sa tsirkiya ɗaya ta kuntigi tana magana har rasuwarsa a 2015 ba zai rasa yaron da zai sa tsirkiya goma su yi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka mu biyar muka zauna ranar Asabar: ni da ɗan yayata, da wani mai kaɗa fiyano a coci a Tudun Wada, da wani malamin kiɗa a makarantar sakandare, da wani saurayi wanda mahaifinsa mai goge ne. Mun yanke shawarar yin adashi na wata goma wanda kwasarsa ɗaya ce, kuma ta jitar ce. A cikin waɗannan watanni za mu ji bayanin waɗanda suka riga mu saye, idan samfurin ya riƙe saiti mu aika, idan bai riƙe ba mu nemi tsohuwar hannu mai feda 3 da sanda 4 a wannan kuɗi. Za ta zauna a ɗakina, kowa da ranarsa, kuma kafin nan kowannenmu zai riƙa koyon hannun dama da na hagu a kan jitata ta cinya, domin kada ta iso ta tarar da mu ba mu iya riƙe ƙarfe ba. Na riga na koma Dilimi na ba da aikin ƙarfen hannu guda huɗu, kuma wani kafinta a Katako zai yi mana kujera mai akwati a ciki.

Akwai wani dattijo mai kalangu da ya yi shekaru yana yi wa mahauta kiɗa, wanda nake ɗauka idan waƙa tana buƙatarsa. Na je na same shi na yi masa bayanin jitar, na ce: "Baba, idan ta zo kuma hannuna ya faɗa, zan kaɗa maka take guda ban gaya maka na wane ne ba, in ka gane shi to ta iya Hausa." Ya tambaye ni da me ake matse tsirkiyar, na ce da ƙafa da gwiwa. Ya yi shiru yana kallon hammatarsa, sannan ya ce: "To ɗana, zan zo, amma ka ajiye mini tabarma a ƙasa ta gefen ƙafarka ta hagu, ina so in ga abin da take yi."